Kuɗin aji a kan kowane sabon fili: zai yiwu a Maradi?

Mai Bulo:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tambaya gare ni, ina son waɗanda suka san doka da waɗanda ke riƙe da alli su sa baki. Me ya hana a ce duk wanda zai yanka gona ya mai da ita filaye, ko wanda zai karɓi takardar izinin gini a sabuwar unguwa, ya biya wani kuɗi na musamman da ba za a taɓa ba sai don gina aji a wannan unguwar kanta?

Sana'ata buga bulo, ina ɗan taɓa sayar da siminti da ƙarfe, can bakin gari ta wajen hanyar Ɗan Isa. Girman garin nan a hannuna yake bi kafin ya kai ga masu ƙidaya. Inda injina yake yau, sanda na fara aiki gero da wake ake nomawa. Yanzu amalanken jaki ke fita da bulo tun hantsi har la'asar, kuma wanda ya sayi bulo bana, baɗi za ka gan shi ya tare da iyali, ko da ɗaki biyu ne da zagayen zana. Ƙidayar 2012 ta ba birnin Maradi mutum dubu 267 da ƴan kai. Tun daga nan ga haihuwa, ga masu barin tsoffin unguwanni kamar Mokoyo da Bagalam saboda gidan gado ya yi musu kaɗan, ga kuma bayin Allah da ƴan bindiga suka taso daga ƙauyukan Madarunfa da Gidan Runji.

Duk sabuwar unguwar da na sani tsari ɗaya take bi. Masallaci ne farko, wani alhaji zai gina, Allah ya saka masa. Sai mai shayi, sai mai cajin waya, sai ƴan garuwa. A hankali turakun wuta su iso. Kafin ka ankara wani ya kama hayar gida mai ɗaki huɗu ya kafa allo ya ce makarantar kuɗi ce. Lakwal ta gwamnati ita ce ta ƙarshe, in ma ta zo, kuma da zana take zuwa. Tamu aji biyu ne kawai na bulo, sauran duk zana. Kowace shekara in an yi girbi sai kwamitin iyaye ya zagaya, kowane gida ya kawo abin da ya sawwaƙa, a sayi zana da itace da igiya. Ni nakan ba da fasassun bulo yara su zauna a kai. Ƙaramata tana dawowa gida ƙasa har cikin kunne.

Ga lissafina. Mu ɗauka an yanka filaye 400. In aka ɗora jika 50, wato sefa dubu 50, a kan kowane fili, miliyan 20 ke nan. A sanina na mai bulo, wannan kuɗin zai tada aji biyu ko uku da kwano da ƙofar ƙarfe, in ba a bi ta hannun ƴan kwangila masu ninka farashi ba. Wanda ya iya fidda miliyoyi ya sayi fili, jika 50 ba za ta hana shi ba. To me ya sa ba a yi? Doka ce ta hana ko ba a taɓa gwadawa ba ne?

Madam CI:

Wa alaikumus salam Malam Mai Bulo. Ni malamar kwantaragi ce, ƴan ajin farko, wato CI, nake koyarwa, a cikin zana. Niyyarka mai kyau ce, amma bari in ƙarasa maka lissafin da ka fara. Gidaje 400, a ce kowane gida yara uku ne kacal suka isa shiga makaranta, kuma ka san na rage sosai. Yara 1200 ke nan. In ka zuba 50 a kowane aji, aji 24 kake nema. Kai kuwa uku ka samo. Sauran 21 ɗin zana ce dai.

Ban faɗi haka don in kashe maka gwiwa ba. Aji uku na bulo sun fi babu, musamman in aka ba ƙananan. Duk wanda ke garin nan ranar 8 ga Nuwamba 2021 ya san abin da nake nufi: azuzuwan zana suka kama da wuta, yara aƙalla 25 suka rasu, ƴan shekara biyar da shida. Watanni kaɗan kafin nan, a Afrilu, irin haka ta faru a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara 20. Bayan gobarar Maradi gwamnati ta hana zana ga ƴan rainon yara, kuma a lokacin ana maganar azuzuwan zana wajen dubu 36 a faɗin ƙasa. Ni har yau in mai tuya ta kunna wuta kusa da danga, sai na fita na roƙe ta ta matsa.

Abin da mutane ba sa lissafawa shi ne lokacin da zana ke ci. Ba a samun kara sai an yi girbi, don haka ajina ba ya tsayuwa ranar komawa makaranta, sai an jira. Da hadarin farko ya taso kuma an gama, iska ta kwashe rufin, a ce yara su tafi gida. Ɗan ajin bulo da ɗan ajin zana jarabawa ɗaya za su yi, amma ba wata ɗaya suka yi suna karatu ba. A 2024 ma duk ƙasar sai 28 ga Oktoba aka koma saboda ambaliya, masu zana kuwa suka ƙara nasu jinkirin a kai.

Sannan in za a yi abin nan a sa makewayi da famfo a ciki tun farko. Ƴan mata da sun fara girma, rashin makewayi kaɗai ya isa ya zaunar da su gida.

Uwar Biyu:

Malam Mai Bulo, ka yi haƙuri, ni ban yarda ba. Kai mai sayen bulo da yawa kake gani. Ni da maigidana adashi muka yi ta zubi har muka sayi rabin fili, yana kabu-kabu ina sayar da awara. Bulonmu ɗari-ɗari muke saye, mu jera, damina ta wanke rabi. Ka ce jika 50 ba komai ba ce? Buhun siminti nawa ne a ciki? Ga kuɗin takardar fili, ga na masu awo, ga na jawo ruwa, ga harajin da ake bi gida-gida. Duk wanda ya tashi neman kuɗi sai ya tuna da mai gini.

Kuma ina tambaya: wanda ya haifi yara goma a tsohuwar unguwa, da kuɗin wa aka gina makarantar da suke zuwa? Ba na kowa da kowa ba ne? Don me mu da muka fita bayan gari saboda ba mu da halin zama a ciki za a ce mu sayi tamu makarantar? Ga masu gidajen haya, gida ɗaya ɗaki goma, iyali goma, fili ɗaya. Shi ma jika 50 zai biya kamar ni?

Tsoron da na fi ji ma daban ne. Mu biya, a ba mu rasit, shekara ta zagayo ba aji ba dalilinsa. Wa za mu kama?

Baba Mai Ritaya:

Salamu alaikum. Ɗiyata Uwar Biyu, tambayarki ta ƙarshe ita ce maganar gaba ɗaya. Na yi aikin awon filaye har na yi ritaya, bari in faɗi abin da na sani.

Da farko, Mai Bulo, ma'aikatar magajin gari ba ta da ikon ƙirƙiro haraji don kanta. Haraji doka ke kafa shi, ita kuwa sai dai ta karɓi wanda doka ta ba ta. Na biyu, ƙa'idar kuɗin hukuma da muka gada daga Faransa ita ce duk abin da ya shigo tukunya ɗaya yake faɗawa. Ba a cewa wannan dalar ta aji ce, waccan ta kwata ce, sai in doka ta keɓe ta musamman. Kuɗin da ka biya da sunan aji zai iya ƙarewa a albashi ko man mota, kuma a takarda ba wanda ya yi laifi. Tun 2016 aka sa hannu kan dokar da ta miƙa wa ƙananan hukumomi fannoni huɗu, ilimi da lafiya da ruwa da muhalli, makarantun firamare suka faɗo a wuyan magadan gari. Nauyin ya sauko, kuɗin da ya kamata ya biyo shi bai sauko daidai da shi ba. Daga Afrilu 2024 kuma aka rusa majalisun da aka zaɓa, kantomomi suka karɓi riƙo, ke nan kansilan unguwa da za ka je ka tsare a ƙofar gidansa ma babu shi.

Amma ni a ganina kun tsallake abu mafi girma, wato ƙasar kanta. Duk taswirar yankan filaye da aka yi bisa ƙa'ida tana da wuraren da aka ware: na makaranta, na asibiti, na kasuwa, na filin shan iska. Da hannuna na kafa turakun irin waɗannan wurare. Abin da ke faruwa a garuruwanmu, ba Maradi kaɗai ba, shi ne wurin ya zauna shekaru ba katanga ba gini, ya zama juji, unguwa ta cika, farashin ƙasa ya ninka, sai wata rana ka wayi gari ka ga an zuba yashi a kusurwa ɗaya. An gutsura. Baɗi a gutsuri wata kusurwar. Ranar da kuɗin gini ya samu, daga gwamnati ne ko daga wata ƙungiya, sai a ce ina filin? Aji ana iya gina shi bayan shekara goma. Fili in ya tafi ya tafi ke nan, don ba mai rushe gidan mutum ya kafa makaranta.

Ku tuna garin nan da kansa sabon yanka ne. Bayan ambaliyar 1945 da ta cinye tsohon gari a fadamar Gulbi aka hauro tudu, aka ja tituna a miƙe. Manyan makarantun cikin gari da kuke gani da faffaɗan fili da bedi sun samu ne don an ware wurin tun ƙasa ba ta da tsada, aka kuma gina da wuri.

Shawarata, kada a karɓi kuɗi a hannun mai gini kamar Uwar Biyu. A kama mai yankan, tun a gona. Shi ne ya sayi ƙasa da kadada zai sayar da mita, ribar tana wurinsa. A sa masa sharaɗi kafin a sa hannu a taswirarsa: filin makaranta da takardarsa da sunan ma'aikatar ilimi, katanga ta zagaye shi, aji uku a tsaye. Sai an gani da ido a ba shi izinin sayar da fili na farko. Wannan ba haraji ba ne, sharaɗin izini ne, kuma bulo ba ya shiga tukunyar da na faɗa.

Ɗan Zariya a Amurka:

Gaisuwa ga iyaye da yayye. Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗan unguwar Zariya ta Maradi ne, ina aiki da wani kamfanin gine-gine a nan, kuma abin da Yaya Mai Bulo ke tambaya ana yin sa a jihohi da dama. A Kalifoniya, bayan masu zaɓe sun taƙaita harajin gidaje a 1978, kuɗin gina makarantu ya ja baya, sai a 1986 aka ba hukumomin makarantu ikon karɓar kuɗi a kan sabon gini. Da faɗin ginin ake lissafawa, babban gida ya biya da yawa, ƙarami kaɗan. Wannan ya amsa rabin ƙorafin Uwar Biyu kan mai ɗaki goma.

Sharuɗɗan ne suka sa abin ke tafiya. Kuɗin na gini ne da sayen fili, ba a biyan albashi da shi. Asusunsa daban. Dole hukuma ta nuna da lissafi cewa sababbin gidajen ne suka jawo buƙatar ajin. A wurare da yawa in shekaru suka wuce ba a kashe shi ba, mayar wa mai shi ake yi. Har kotun ƙolin Fulorida ta taɓa yanke hukunci a 2000 cewa wata unguwar tsofaffi da aka haramta wa yara zama a cikinta ba za ta biya kuɗin makaranta ba, tunda ba ta kawo ɗalibi ko ɗaya. A Ingila kuwa, ƙarƙashin dokar tsara birane ta 1990, yarjejeniya ake yi da mai ginin unguwa ya ba da fili ko kuɗi ko ya gina makarantar da kansa, kusan abin da Baba ya kawo.

Sai dai kada a ɗauka mai yankan ne zai biya daga aljihunsa. A nan ma a kan farashin gida yake ɗorawa, kuma ana yawan kukan cewa irin waɗannan kuɗaɗe na cikin abin da ke tsadar da gidaje a Kalifoniya. Bambancin kuma, a nan ba ka isa ka aza tubali ba izini ba, don ba za a haɗa maka ruwa da wuta ba. A gida mutum nawa ne ke karɓar izinin gini kafin ya fara?

Mai Bulo:

Na gode ƙwarai. Ƙanena na Amurka, amsar tambayarka: cikin masu sayen bulona, masu izinin gini su ne masu bene da masu neman bashin banki. Sauran mutum ya kira magini ya ja igiya kawai. Ke nan in aka rataya kuɗin a izinin gini, iska za a kama. Wurin da kowa ke bi dole shi ne yankan, don ba mai sayen fili bai ga turaku ba.

Baba, maganarka ta sa na je na sake duba wurin da aka ce mana na makaranta ne a taswirar da mai yankan unguwarmu ya nuna mana sanda muke saye. Azuzuwan zanar suna tsakiya. Ta gabas wani ya riga ya zuba tsakuwa da yashi, ya kafa ƙarfe huɗu. Na tambayi yaran da ke gadi, suka ce mai shi yana da takarda. Ta yiwu iyakar ce ban gane ba, ta yiwu kuma abin da ka faɗa ne ya fara. Daraktan makarantar ya ce shi ba a taɓa ba shi wata takardar fili ba, da baki aka nuna masa wurin.

Uwar Biyu, ban ƙi ta taki ba, amma ki duba abin da kike biya yanzu. Kuɗin zana kowace shekara, wanda damina ke cinyewa. In yaro ya gaji da zaman ƙasa ki kai shi ta kuɗi, ki biya wata-wata. Mai kai nasa cikin gari kuma man babur safe da rana. Tara waɗannan na shekara uku ki gani ko ba su wuce jika 50 ba. Biya dai muna biya, abin da muke samu ne ba ya kai baɗi. In mai yankan ya ɗora kuɗin katanga da aji uku a kan filaye 400, abin da zai hau kan rabin filinki kaɗan ne, kuma ranar da za ki saya kina ganin ajin a tsaye, ba rasit za a miƙo miki ba. Madam kuma ta yi gaskiya, uku ba 24 ba ce. Sauran nauyin gwamnati ne, ba na son a ce don unguwa ta kawo uku an sauke mata. Amma mai neman inda zai gina aji, gwamnati ko ƙungiya, wurin da ke da katanga da takarda zai fara dubawa.

Mu da aka riga aka yanka tamu, wannan shawarar ta wuce mu, sai dai na gaba. Abin da ya rage mana shi ne mu tsare abin da ya saura. Zan kai maganar gaban kwamitin iyaye da mai unguwa ranar Juma'a bayan an sauko. In an yarda, kuɗin da za a tara bana a raba biyu, rabi zana rabi katanga, ni zan buga bulon a kuɗin siminti da yashi kawai, mu fara da kusurwa huɗu. Baba, a ina ake samun kwafin taswirar da aka sa wa hannu, kuma kwamitin iyaye na da ikon nema ko sai darakta?

Baba Mai Ritaya:

Ku rubuta takarda da sunan kwamiti, darakta da mai unguwa su sa hannu, ku kai sashen kula da filaye na ma'aikatar magajin gari, kwafi ɗaya kuma ga ofishin tsara birane na jiha, ɗaya ga sufetan makarantu. Ku nemi lambar yankan da lambar wurin da aka ware. Kada ku aza bulo ko ɗaya sai mai awo ya zo ya nuna muku turakun asali, in ba haka ba ku ne za a ce kun shiga filin wani. Mai tsakuwar nan kuma kada ku yi masa faɗa, ta yiwu shi ma sayar masa aka yi.

Uwar Biyu:

Katangar na yarda, zan ba da nawa. Amma a rubuta sunan kowa da abin da ya bayar a manna a ƙofar masallaci, kuma a sa mace cikin masu riƙe kuɗin. Maganar ɗora wa masu yanka kuwa, sai na ga wanda aka hana sayar da fili don bai gina aji ba tukuna.